Rasidin Adaka

Da hantsin Talata suka zo Ƙofar Na'isa,
mota biyu, da wani yaro mai baƙin tabarau
yana karanta mini doka daga cikin waya.
Wai bindiga, kowace iri ce,
daga yau ta koma hannun hukuma.

Na ce, yaro, wannan adaka ce.
Sallau maƙeri ya ƙera ta a Ƙofar Wambai
tun ubanka bai iya ɗaurin wando ba.
Sai an ɗura albarushi, an danna tsumma,
an yi bisimilla, an jira ta ga dama.
Harbi ɗaya take yi ta nemi hutu,
kamar tsohuwar da ta hau Dala.

Shekara ashirin da shida ina gadin layin nan.
Sau uku kacal ta yi tari,
duk ukun sama na nufa.
Ɓarawon da ya haura katangar Hajiya Tambaya
takalmi ya bari, bai bar jini ba.

Ya ce, Baba, zamani ya sauya.
Ya ba ni rasidi. Ya ba ni usur.

Usur!
Ni Barau ɗan Mati, jikan maharba,
in tsaya ƙarfe biyun dare ina busa
kamar alƙalin ƙwallo a filin firamare.

Ku da kuka rubuta dokar a ɗaki mai sanyi,
ku 'yan ci-gaba, masu kiranmu mutanen da,
na gan ku ran Juma'a a kan gada,
jiniya gaba, jiniya baya.
Na ƙirga bakin bindiga goma sha ɗaya
suna gadin mutum ɗaya da hularsa.
Ashe ba ƙarfen kuke tsoro ba,
hannun talaka ne.

Bara kun auna rumfar matata da igiya,
kuka shafa jan fenti, wai ta ci hanya.
Kun sa wa baro lamba,
kun sa wa kurar ruwa haraji,
akuyar Ilu ma an ce sai da takarda.
Kun san buhun gawayi nawa ne a zaurena,
amma wanda ya tare Ɗanlami a Ɗorayi
ya sare shi saboda waya,
har yau ba ku san sunansa ba.

Baƙo muka shimfiɗa wa tabarma a ƙofar gida,
ya wuce zaure, ya buɗe tukunya,
yanzu yana tambayar me muke yi da wuƙa.
Gyara kayanka fa muka ce,
ba sauke mu raba ba.

Ban ce kowa ya rataya ba.
Na san mai zuciya, na san mashayi,
na ɗauki makara, na san nauyinta.
Amma liman ya san ni, mai unguwa ya san ni,
matan layin nan da tarina suke barci.
Masu manyan, waɗanda ke kwana a daji,
wa ya kai musu rasidi?

Ga ƙusar a bango, inda take rataye,
ta bar inuwarta a jikin farar ƙasa.
Nan na soke takardar.
Jikata Kilishi ta ce in ba ta usur ɗin ta yi wasa,
na ce sai da safe, yanzu na aiki ne.

Daren jiya karen Ilu ya yi haushi, ya yi shiru.
Na ji taku a lungun bayan masallaci,
ba na mai zuwa alwala ba.
Na haska rasidin da tocila,
na kira lambar da ke ƙasa.
Wata mace mai ladabi ta amsa,
ta ce layin ba ya shiga yanzu,
in sake gwadawa an jima.